"Da Sauƙi": Tarihin Awon Warkewar Raunin Kai, daga Risala zuwa Adjamé da Treichville

Duk ɗalibin Hausa yakan koyi gaisuwar majinyaci tun a darussan farko. A ce "Yaya jiki?", a amsa "Da sauƙi." Abin da littafin koyo ba ya cika faɗa shi ne amsar ba ta canzawa. Wanda ya kwana yana nishi zai ce da sauƙi, wanda aka sallama daga asibiti zai ce da sauƙi, ɗan'uwan da ke zaune a gefen mutumin da kwana uku bai buɗe ido ba shi ma da sauƙi zai ce. Kalmar ladabi ce da tawakkali, kuma a wurinta ta cika aikinta. Amma likitan da ke son sanin ko wanda mota ta buge jiya ya ci gaba ko ya koma baya a yau, ba zai iya rubuta ta a takarda ba. Kowane harshe yana da irin wannan kalma, har harshen likitoci kansu, kuma an daɗe ƙwarai kafin a sami abin da zai tsaya a madadinta.

Na zaɓi in duba wannan tarihi daga birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, domin a can tambayar ta fi fitowa fili: majinyaci Bahaushe, likita mai Faransanci, ma'auni kuma ɗan Birtaniya.

Abijan ta zama babban birnin mulkin mallakar Faransa a ƙasar a 1934. Turawa suka zauna a unguwar Plateau, baƙar fata kuwa aka raba su gida biyu. A kudu, a hayin tafkin Ébrié, akwai Treichville, wadda aka raɗa wa sunan Bafaranshe Marcel Treich-Laplène. A arewa, bayan barikokin soja, akwai Adjamé. Da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta kankama, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga ƙasashen arewa, ciki har da Hausawan Nijar da na Nijeriya, waɗanda kakanninsu dama sun san hanyar kurmi tun zamanin fataucin goro. Sun bar alama har a cikin kwanon abinci. Abincin titi da ya fi shahara a Abijan, wato turararren garin rogo da soyayyen kifi da barkono, sunansa garba, kuma ana danganta sunan da 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. A yau Adjamé ita ce cibiyar kasuwa da tashoshin mota, inda ƙananan bas da ake kira gbaka da tasin haɗaka da ake kira woro-woro suke gogayya da masu tura baro da masu dako a kan titi ɗaya. Treichville kuma tana da ɗaya daga cikin tsofaffin manyan asibitocin koyarwa na birnin. Wanda ke neman abincinsa a ƙasa tsakanin motoci, kansa ba hular kwano, shi ne ya fi kusa da abin da muke magana a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce a gaba.

Tambayar yadda mai raunin kai zai ƙare ta girmi mota nesa ba kusa ba. Akwai wata tsohuwar takardar Masar da aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda wani Ba'amurke, Edwin Smith, ya saya a Luksor a 1862, James Henry Breasted kuma ya fassara a 1930. Ta ƙunshi bayanin raunuka 48, ta fara daga kai ta gangaro. Bayan an duba majinyaci, likita zai yanke ɗayan hukunci uku: ko ciwon na magantuwa ne, ko na kokawa ne da ba a san wanda zai kayar ba, ko kuma wanda ba a sa masa hannu. Hasashe ne kafin magani. Abin da ya sami mutumin bayan wata shida, takardar ba ta bi shi ba.

Wanda ya bi shi, abin mamaki, alƙali ne. Ɗalibin da ya yi karatun zaure a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya kuma san babin jini da haddi. A can an jera raunukan kai bisa zurfinsu. Akwai wanda ya bayyana ƙashi, sunansa mudiha, wanda a bakin malamanmu yakan fito muliha, kamar yadda harafin nan na Larabci ya koma "l" a alƙali da farilla da lamiri. Diyyarsa raƙuma 5. Akwai munaƙƙila, wanda ya fasa ƙashi har gutsattsari suka gusa, raƙuma 15. Akwai ma'amuma, wanda ya isa ga ƙwaƙwalwa, sulusin cikakkiyar diyya, cikakkiyar kuwa raƙuma 100 ce. Wannan awon rauni ne a ranar da aka yi shi. Sai dai littafin ya ƙara wasu ƙa'idoji biyu da suka fi wannan jeri muhimmanci a gare mu. Ta farko, ba a biyan diyyar rauni sai bayan ya warke, domin kafin nan ba a san inda zai tsaya ba. Ta biyu, gushewar hankali ko ta ji tana da tata cikakkiyar diyya, wato ana lissafin abin da mutum ya rasa ko da fata ta haɗe, gashi ya rufe tabo. Wasu masu sharhi na Malikiyya ma sun kai ga cewa in hankalin mutum yakan gushe kwana ɗaya a kowane wata, to yana da kashi ɗaya cikin 30 na diyya. Ni a ganina wannan shi ne awon makomar majinyaci mafi tsufa da Bahaushe ya karanta. Manufarsa biyan haƙƙi ce, ba magani ba, amma ya riga ya raba abubuwa biyu da likitocin Turai suka daɗe suna cakuɗawa: girman rotsin da ake gani, da kuma mutumin da ya rage bayansa.

A Turai, matakin da ya kamata a ambata kafin Glasgow shi ne na W. Ritchie Russell, wanda a 1932 ya nuna cewa tsawon lokacin da mai raunin kai ya ɗauka kafin tunaninsa ya koma riƙe abubuwa a jere yana nuna girman ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwa. Awo ne mai kyau, har yanzu ana amfani da shi, amma sai bayan mutum ya farfaɗo ake iya kammala shi. Wanda ke kwance a sume, rahotonsa ya ci gaba da zama cikin kalmomi irin su rabin suma, da nauyin barci, da suma mai zurfi, kowane likita da abin da yake nufi. Mai jinyar dare ta rubuta kalma ɗaya, ta safe ta rubuta wata, ba wanda zai ce ko majinyacin ne ya canza ko mai rubutun.

A cibiyar cututtukan ƙwaƙwalwa ta birnin Glasgow, inda ake karɓar majinyata daga ƙananan asibitoci bayan bayani ta wayar tarho, wannan ruɗani ya zama abin da ke cin rai. A 1974 Graham Teasdale da Bryan Jennett suka buga a mujallar The Lancet abin da za mu kira Ma'aunin Suma na Glasgow. Dabararsu ita ce su daina tambayar mai dubawa ra'ayinsa, su tambaye shi abin da ya gani. Ido: yana buɗewa da kansa, ko sai an yi magana, ko sai an matsa masa jiki, ko ba ya buɗewa sam, maki 4 zuwa 1. Baki: maki 5 zuwa 1. Motsi: daga bin umarni, zuwa kai hannu wurin da aka matsa, zuwa janyewa, zuwa wata irin lanƙwashewa marar kyau, zuwa sandarewa, zuwa rashin motsi ɗungum, maki 6 zuwa 1, ko da yake matakan motsi biyar ne a bugun farko, daga baya aka ƙara ɗaya. In an tara, lafiyayye yana da 15, mafi ƙanƙanta 3 ne. An saba cewa 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Shi Teasdale ya sha nanata cewa a riƙa faɗin sassan uku daban-daban, domin mutum biyu na iya samun 9 alhali halinsu ba ɗaya ba. A shekarar nan ta 1974 ne kuma E. Latunde Odeku ya rasu, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, wanda ya kafa wannan fanni a asibitin koyarwa na Ibadan tun 1962. Ma'aunin ya iso Afirka ta Yamma ya tarar da fannin yana da ƙuruciya da ƙarancin hannu, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya karɓu: ba ya bukatar na'ura ko lantarki, sai ido da kunne da agogo.

Amfaninsa mafi girma yana cikin maimaitawa. Akwai wani nau'in rauni da jijiyar jini ke tsinkewa a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Mutum ya faɗi, ya suma na ɗan lokaci, ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce da sauƙi, har ya koma rumfarsa. Jini kuwa yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai da amai da barcin da ba a iya tashinsa, baƙin ido ɗaya ya faɗaɗa. Likitocin Glasgow sun yi rubutu a 1975 a kan irin waɗannan majinyata da suka yi magana sannan suka mutu, domin yawancinsu da an buɗe kan da wuri da sun rayu. Lamba ɗaya ba ta ceton kowa. Amma 15 da ta koma 13, ta koma 10 cikin sa'a biyu, ƙararrawa ce da ko sabuwar mai jinya za ta ji.

Yanzu mu tsaya a kan sashen baki, domin a nan ne ɗalibin harshe yake da abin cewa. Maki 5 na wanda yake cikin hayyacinsa ne: ya san sunansa, da inda yake, da watan da ake ciki. Maki 4 na wanda ke haɗa jimla amma a ruɗe. Maki 3 na wanda ke jefo kalmomi a warwatse, 2 na mai nishi da gurnani, 1 na wanda ya yi shiru. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan tsani ba, sai dai ba su zauna daidai kan matakan ba. Magagi na wanda bai gama farkawa ba ne. Gigita tana ɗauke da tsoro da kiɗima. Sambatu kuwa ya haɗiye mataki na 4 da na 3 gaba ɗaya, saboda haka ba zan ba ɗalibi shawarar fassara ko ɗaya da shi ba. Haka nan farfaɗowa daban, dawowa hayyaci daban. Mai fassarar da ya ce wa dangi "ya farfaɗo" don kawai ido ya buɗe, ya ba su bushara fiye da abin da likita ya faɗa.

A ɗauka an kwaso wani ɗan dako daga bakin tashar Adjamé, mutumin karkarar Tawa, wanda Faransancinsa na ciniki ne, Julancinsa na gaisuwa. Mai dubawa ya tambaye shi da Faransanci inda yake. Ya amsa da Hausa tsaf, cewa yana gidan likita, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran asibiti, kuma yana son a kira yayansa. Wanda ba ya jin Hausa ba shi da hanyar bambance wannan amsa da ta mai ruɗewa ko mai jefa kalmomi. Tsakanin 5 da 3 akwai maki biyu, kuma maki biyu sun isa su ɗauke mutum daga wani aji zuwa wani. Kuskuren na iya juyawa ta ɗaya ɓangaren, wanda ya fi haɗari: ɗan'uwan da aka sa tafinta ya ji majinyaci yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta rasu yana tambayar ko an kai awaki kiwo, amma don kara da kunya sai ya ce wa likita, "Ya ce da sauƙi." Ƙa'idojin da aka sabunta a 2014 sun tanadi cewa in wani dalili ya hana gwada sashe, a rubuta ba a iya gwadawa ba, kada a ƙaga lamba. Wannan gaskiya ce, amma ba ta maye gurbin tafintan da ya san cewa aikinsa maimaita maganar ne da karkatarta, ba gyara ta ba.

Ma'auni na biyu, wanda shi ne ainihin awon warkewa, ya fito a 1975 daga Jennett da Michael Bond: Ma'aunin Makoma na Glasgow. Matakai biyar ne. Mutuwa, sai halin da ido ke buɗewa, ana barci ana farkawa, amma babu alamar sanin kai ko na kewaye, wanda Jennett da Fred Plum suka bayyana a 1972, sai nakasa mai tsanani, wato mutum yana sane amma kullum sai da mai taimako, sai nakasa matsakaiciya, yana iya riƙe kansa amma bai koma yadda yake ba, sai kyakkyawar warkewa. An fi aunawa bayan wata shida, domin bibiyar da aka yi ta nuna mafi yawan majinyata sun isa matakinsu kafin nan. A 1981 aka raba manyan matakai uku na sama gida biyu-biyu suka zama takwas, a 1998 kuma Lindsay Wilson da Laura Pettigrew da Teasdale suka tsara tambayoyin da za a riƙa yi iri ɗaya a ko'ina.

Abin da irin wannan ƙidaya ke iya yi ya bayyana a babban gwajin da aka kira CRASH. Shekaru da yawa likitoci suna ba masu raunin kai magungunan sitiroyid da niyyar rage kumburin ƙwaƙwalwa, kowa yana ganin kamar majinyatansa suna samun sauƙi. Aka ɗauki majinyata 10,008 a asibitoci 239 na ƙasashe 49, rabi aka ba su maganin, rabi aka ba su ruwan da ba magani a ciki. Sakamakon 2004 ya nuna cewa cikin mako biyu kashi 21 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin sun mutu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 18. Aka dakatar da gwajin, aka daina ba da maganin don wannan dalili. Bambancin mutum uku cikin ɗari ba abu ne da idon likita ɗaya zai gani a ɗakinsa ba, komai ƙwarewarsa.

Daga bayanan wannan gwaji ne wani nazari na 2009 ya fito da abin da ya fi shafar mu. An kwatanta majinyatan ƙasashe masu arziki da na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A rauni mai tsanani, haɗarin mutuwa a rukuni na biyu ya fi na farko yawa ƙwarai, abin da ba zai ba kowa mamaki ba in ya san tazarar da ke tsakanin titi da ɗakin tiyata, da kuɗin hoton ƙwaƙwalwa. Amma a rauni mai sauƙi da matsakaici, sai aka ga nakasar da aka rubuta ta fi ƙaranci a ƙasashe matalauta. Masu nazarin sun karkata ga cewa yanayin zamantakewa da al'ada suna da hannu. Wanda ya karanta tambayoyin 1998 yana tunanin Adjamé zai ga ta inda hannun ya shiga.

Ana tambaya ko za a iya barin mutum shi kaɗai a gida na sa'a 8, ko na yini da kwana. Ɗan ci-rani da ke kwana ɗaki ɗaya da 'yan garinsu shida ba a taɓa barinsa shi kaɗai ba, ko kafin haɗarin. Ana tambaya ko yana iya sayayya da tafiya cikin gari ba rakiya. Wannan kam tambaya ce mai kyau, domin wanda zai iya shiga gbaka daga Adjamé ya karɓi canjinsa daidai ya sauka inda ya nufa, lalle ƙwaƙwalwarsa tana aiki. Ana tambaya ko ya koma aiki kamar da. A nan ne awon ke santsi. Mai sayar da garba ba shi da hutun jinya, ranar da bai fito ba ranar bai ci ba, kuma akwai bakuna a gida masu jiran aike. Zai koma rumfa da jiri da mantuwa. Ƙanensa ya karɓi lissafin kuɗi a hankali ba tare da an ce komai ba, shi kuma a bar masa zuba barkono. A takarda ya koma aiki. Sannan ana tambaya ko halinsa ya canza har ya taɓa zamansa da iyali da abokai: saurin fushi, rashin kunya, zaman shiru. Wannan shi ne ciwon da ya fi daɗewa bayan raunin kai, kuma shi ne wanda dangi Hausawa za su fi rufewa, domin kalmar taɓin hankali tana iya hana mutum aure da bashi da amana a kasuwa. Wasu kuma ba za su haɗa shi da buguwar ba, sai su nufi mai ruƙiyya. Mai tambaya da ya san wannan ba zai ce "Ya warke?" ba. Zai ce, "Wa ke riƙe kuɗin rumfa yanzu? Da wa yake riƙewa?"

Akwai kuma wanda ba a tambaya ko kaɗan. Sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da aka daɗe da sani a Abijan shi ne na asibitin koyarwa na Yopougon, kuma kamar kowane irin sashe a duniya, abin da ya fi sauƙin rubutawa shi ne halin majinyaci ranar sallama: ya fita da rai ko bai fita ba, da maki nawa. Awon wata shida yana bukatar a sake samun mutumin. Ci-rani kuwa yana da kalandarsa. Wanda mota ta buge a watan Janairu, wata shidansa zai cika a Yuli, tsakiyar damina, lokacin da 'yan ci-rani suke gona a Tawa ko Maraɗi ko Damagaram. In ya warke ya tafi noma. In bai warke ba, 'yan garinsu sun yi karo-karo sun sa shi a mota tun da wuri, domin jinya a gida ta fi araha. Duka biyun sun bar Abijan, layin wayar da aka rubuta a katinsu na Kwaddibuwa ne, kuma an cire shi daga waya tun a kan iyaka.